Yoyon fitsarin da ke biyo bayan cire mahaifa, wanda kan cinye ƙoda a ɓoye

Idan aka ambaci yoyon fitsari a ƙasar Hausa, hoton da ke zuwa zuciyar mutane shi ne na yarinyar ƙauye da ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, aka wayi gari babu ɗa, ga kuma fitsari yana zuba. Shi ne gidajen rediyo suka daɗe suna wayar da kai a kansa, shi ne kuma ake tunawa da shi duk ranar 23 ga watan Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin yaƙi da lalurar.

Akwai kuma wani nau'in da ba kasafai ake maganarsa ba, wanda a ɗakin tiyata mace ke gamuwa da shi. Sau da yawa mai shi babbar mace ce, ta haura shekara 40, ta gama haihuwa ko ta kusa. Ƙarin mahaifa ko zubar jinin da ya ƙi tsayawa ya sa likita ya ce a cire mahaifar. Aka yi aiki, aka sallame ta, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka da arziki. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta lura zaninta yana jiƙewa.

Abin da ke ɗaure wa irin waɗannan mata kai shi ne suna jin fitsari, suna zagayawa banɗaki su yi shi kamar kowa, amma ɗigar ba ta tsayawa dare da rana. Saboda haka ko an ce musu yoyon fitsari ne sai su musanta, domin a saninsu mai yoyon fitsari ba ta iya tara shi. Ga likitan da ya san aikinsa, wannan bayani kaɗai ya isa ya sa ya yi zargin cewa an taɓa ɗaya daga cikin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara.

Bututun da bai kai kaurin fensir ba

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, ƙasa da haƙarƙari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke saukowa ya shiga mafitsara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A jikin mace, hanyar da bututun ke bi ta ratsa daidai wurin da likita zai yi aiki idan zai cire mahaifa.

Wurare uku ne aka fi yi masa rauni. Akwai saman ƙugu, inda yake wucewa kusa da jijiyoyin jinin da ke ciyar da ma'ajiyar ƙwan mace. Akwai gefen bakin mahaifa, inda yake bi ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin mahaifa, tazararsa da bakin mahaifar kimanin santimita 2 kacal. Sai kuma can ƙasa, inda yake shafar saman farji kafin ya shiga mafitsara. Na tsakiyar ne ya fi shahara, har ɗaliban likitanci suna da wata magana da suke haddace shi da ita, wai ruwa yana bi ta ƙarƙashin gada. Gadar ita ce jijiyar jini, ruwan kuwa fitsari. Dole ne likita ya ɗaure gadar ya yanke ta kafin mahaifa ta fita, kuma idan hannunsa ya kauce da faɗin yatsa ɗaya, ya haɗa da ruwan.

Raunin ba iri ɗaya ba ne. Wani lokaci almakashi ne ke yanke bututun. Wani lokaci zaren ɗinki ne ke shaƙe shi, ko ƙarfen da ake matse jijiya da shi ya murƙushe shi. A tiyatar zamani da ake yi ta ƙananan huji da kyamara, zafin na'urar da ke ƙona jijiya don tsayar da jini yana iya dafa bangon bututun ba tare da an ga komai ba a lokacin. Irin wannan ne ke yin kwanaki kafin naman ya ruɓe ya huje. Shi ya sa mace kan bar asibiti a bushe, sai ta kwana goma ko fiye a gida sannan ruwa ya ɓalle. Fitsarin da ya tsere daga bututun yana taruwa a ƙasan ciki, ya nemi hanya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce sabon ɗinkin da aka rufe saman farji da shi bayan an cire mahaifar. Ɗaya ƙodar kuwa tana nan tana zuba nata a mafitsara yadda ta saba. Wannan ne asirin yin fitsari da yoyo a lokaci guda.

A tiyatar da aka shirya mata a natse, abin ba ya yawan faruwa. Yawancin rahotannin asibitoci na nuna bai kai mace ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Sai dai mafi yawan raunukan ba a gano su a kan teburin aiki, sai daga baya, kuma a nan matsalar take.

Ita ma mafitsarar kanta tana iya samun rauni, domin manne take da gaban mahaifa kuma sai an ture ta ƙasa kafin a yi yanka. Idan ita ce ta huje, yawanci fitsarin duka ne ke zubewa, mace ba ta tara komai. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, inda doguwar naƙuda ta zama tarihi, tiyatar cire mahaifa ce kan gaba wajen haddasa yoyon fitsari.

Laifin wa?

Nan ne zance ke ɗaukar zafi, kuma ya kamata a yi adalci. Babu likitan tiyatar mata da zai ce ya fi ƙarfin wannan kuskure. Ƙarin mahaifa da ya girma kamar cikin wata bakwai yana ture bututun daga mazauninsa, ya kai shi inda ba a zata ba. Macen da aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko uku, kayan cikinta kan manne da juna har a rasa gane wannan daga wancan. Haka ma mai ciwon daji ko tsohon ciwon mara da ya bar tabo.

Sannan akwai tiyatar tsakar dare. An kawo mace daga ƙauye mahaifarta ta fashe, ciki cike da jini, babu jinin ƙari a ajiye, wataƙila da fitilar waya ake haska wa likita. Burinsa a lokacin ya tsayar da jini kafin ta cika. Idan ya kai ƙarfe cikin tafkin jini ya matse abin da bai gani ba, yana iya ceton rai ya kuma shaƙe bututu a motsi ɗaya. Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan wuri ba ya sassauta harshe.

Amma ba duka ne ke da wannan uzuri ba. Wani bincike da likitan tiyata Thomas Raassen da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya duba bayanan mata kusan 6,000 da aka yi wa gyaran yoyon fitsari a ƙasashe 11, akasarinsu a Afirka, tsakanin 1994 da 2012. Kimanin kashi 13 cikin ɗari, a hannun masu tiyata suka samu lalurar. Huɗu cikin biyar na waɗannan, aikin haihuwa ne ya jawo musu: ciro jariri, ɗinke mahaifar da ta fashe, ko cire ta. Sauran kuwa aikin mata ne na yau da kullum, wanda cire mahaifa ya fi yawa a ciki.

Abin da wannan ke nunawa a fili yake. Yayin da ake ƙoƙarin kai tiyata kusa da talaka, ana samun hannayen da ba su gama koyo ba suna riƙe wuƙa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa uku ne kawai cikin ɗari ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya, kuma a Arewa adadin ya fi haka ƙanƙanta. Wato ana buƙatar ƙarin tiyata, ba ragi ba. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Shiri ne mai kyau. Sai dai idan yawan aikin ya ƙaru ba tare da horo da sa ido sun ƙaru ba, cibiyoyin yoyon fitsari ne za su karɓi sakamakon. Ba a ma zancen ɗakunan bayan layi da wasu marasa lasisi ke buɗewa suna fede mata da sunan asibiti.

Dabarun kauce wa raunin sanannu ne, kuma ba su buƙatar na'ura mai tsada: likita ya nemo bututun ya gan shi da idonsa kafin ya ɗaure komai, ya ture mafitsara ƙasa sosai, ya matse jijiya dab da jikin mahaifa, idan jini ya ɓalle ya danne wurin da auduga tukuna har ya ga inda yake fitowa. A aikin gaggawa sau da yawa akan cire gangar mahaifar a bar bakinta, domin ya fi sauri kuma ya fi nisa da wurin haɗari. Inda ake da kayan aiki, akan leƙa mafitsara da kyamara kafin a tashi, a tabbatar fitsari yana fesowa daga ɓangarorin biyu. Mafi muhimmanci kuma, likitan da ya ga ƙarin ya fi ƙarfinsa ya tura mace gaba. Cire mahaifa saboda ƙari ba aikin gaggawa ba ne, yana iya jiran mako biyu.

Wadda ta ga yoyo ta fi wadda ba ta gani ba sa'a

Wannan magana za ta yi wa mai fama da lalurar nauyi, amma haka abin yake. Yoyo yana tilasta wa mace neman magani. Wadda aka shaƙe wa bututu gaba ɗaya, bai huje ba, ba ta ganin ruwa ko kaɗan. Fitsari yana komawa baya, ƙoda tana kumbura. Wata za ta ji ciwo a kwiɓi ɗaya, da zazzaɓi da amai. Wata kuwa ɗan ciwon baya ne kawai, a ce mata ai ciwon aiki ne, zai wuce. Yana kuwa wucewa, domin cikin makonni zuwa watanni ƙodar kan daina aiki ta yi shiru. Sai bayan shekaru a yi hoton ciki saboda wani dalili a tarar ƙoda ɗaya ta zama jakar ruwa.

Idan aka buɗe hanyar a cikin mako na farko ko na biyu, ƙoda kan farfaɗo kusan gaba ɗaya. Duk makon da aka ƙara, abin da za a ceto yana raguwa. Ita ma mai yoyon ba ta tsira daga wannan ba, domin wurin da ya huje yakan tsuke da tabo, ƙodar ta ci gaba da kumbura a hankali alhali ruwa yana fita.

Mafi muni shi ne a shaƙe bututun biyu. Alamar ba ta ɓuya: an fito daga tiyata, an yi ta ƙarin ruwa, amma jakar robar fitsari a bushe. Wannan ba abin jira zuwa safiya ba ne. Mai jinya da ta ga an shafe sa'o'i babu ɗigo a jaka ta tashi ta kira nas, idan ba a saurare ta ba ta nemi likita da kanta.

Ya kamata a bambance wannan da ruwan da aka saba gani. Bayan cire mahaifa, mace kan ga ɗan ruwa ja-ja ko ruwan ƙasa-ƙasa yana fita har zuwa mako shida, yana raguwa kullum. Wanda ake tsoro shi ne tsinkakken ruwa mai zarnin fitsari, mai jiƙa ƙunzugu da katifa, wanda ba ya raguwa.

A nan ne mata da yawa ke ɓata watanni. Za a ce sanyi ne, a je kemis a sayo ƙwayoyi. Za a kawo haɗin matsi da sassaƙe da turaren tsuguno. Babu ɗayansu da ke kaiwa inda hujin yake, cusa magani a gaba kuma yana iya ɓata ɗinkin da bai gama warkewa ba. Sai kuma dabarar da kusan kowace mai yoyo ke yi, ta rage shan ruwa don ta rage jiƙewa. Hakan yana sa fitsari ya yi kauri, zarni ya ƙaru, fata ta saɓule, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A cibiyoyin gyara, abu na farko da ake koya wa mace shi ne ta sha ruwa da yawa.

Wasu har salla suke bari, suna ganin ba su da tsarki. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan mai fitsarin da ba ya tsayawa, kuma sun yi masa rangwame. Tambaya ɗaya ga malamar Islamiyya ta wadatar.

Gwajin shuɗin ruwa

Gano inda matsalar take ba ya buƙatar zuwa Indiya ko Masar. Ana sa wa mace robar fitsari, a cusa auduga mai tsabta a farji, sannan a ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta robar. Bayan ɗan lokaci a ciro audugar. Idan ta rine da shuɗi, mafitsara ce ta huje. Idan ta jiƙe amma da farin ruwa, to fitsarin bai bi ta mafitsara ba, daga sama yake zuwa, wato bututun ƙoda ne. Hoton sikanin kan nuna wace ƙoda ce ta kumbura. A manyan asibitoci akan yi allurar wani ruwa a jijiya a ɗauki hoto, a ga hanyar fitsarin tun daga ƙoda har inda ya tsaya ko ya tsere.

Maganin ya danganta da girman raunin da kuma lokacin da aka gano shi. Idan bututun bai rabu biyu ba kuma an zo da wuri, ana iya zura wata siririyar roba ta cikin mafitsara har zuwa ƙoda, a bar ta kimanin mako shida, wurin ya warke a kanta ba tare da an sake yanka ba. Idan ƙoda ta kumbura da ƙwayoyin cuta, akan huda ta baya a sa roba kai tsaye don a sauke mata nauyi kafin babban aiki. Babban aikin kuwa shi ne a buɗe ciki, a nemo lafiyayyen ɓangaren bututun, a yanke shi daga inda ya lalace, a dasa shi a sabon wuri a jikin mafitsara. Idan ya gajarta, akan jawo mafitsarar sama a ɗaure ta da tsokar ƙugu, ko a yanko wani sashe nata a naɗe shi ya zama ƙarin bututu. A hannun gwani, fiye da tara cikin goma na matan suna bushewa, da yawa tun daga ranar da aka yi aikin. A wannan fanni ya fi yoyon doguwar naƙuda sauƙin gyara, domin naman da ke kewaye lafiyayye ne.

Ƙaramin hujin mafitsara da aka gano da wuri shi ma wani lokaci robar fitsari kaɗai ke rufe shi, idan aka bar ta makonni huɗu zuwa shida.

Da can ba haka abin yake ba. A 1869, a birnin Heidelberg na Jamus, wani likita mai suna Gustav Simon ya karɓi wata mata da aka yi wa rauni a bututun ƙoda yayin tiyatar mahaifa. Ya yi ƙoƙarin rufe yoyon ya gaza. Sai ya gwada a jikin karnuka ya tabbatar ana iya rayuwa da ƙoda ɗaya, sannan ya cire wa matar ƙodar da ke zubar da fitsarin. Ta rayu, yoyon ya tsaya. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka shirya cire ƙodar mutum aka kuma yi nasara. A yau ba a cire ƙoda saboda wannan lalura sai idan an makara har ta mutu.

Ina za a dosa?

Arewa ba ta rasa wuraren zuwa ba. Akwai Babbar Ruga a Katsina, tsohon asibitin kutare da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya mayar cibiyar gyaran yoyon fitsari tun shekarun 1980, wadda yanzu cibiya ce ta gwamnatin tarayya. Akwai takwararta a Ningi ta Jihar Bauchi. Akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala da ke Kano, da sashen da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a Jahun ta Jihar Jigawa, da cibiyar Evangel a Jos. A Jamhuriyar Nijar akwai ta Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. An san waɗannan wurare da yin aikin kyauta. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuma suna da sashen likitocin mafitsara, waɗanda dasa bututu aikinsu ne na yau da kullum.

Abin da ke hana mata isa can da wuri sau da yawa shi ne shirun wanda ya yi aikin farko. Mace ta koma tana kukan jiƙewa, a rubuta mata ƙwayoyi a ce ta dawo bayan wata guda. Ta dawo, a sake rubuta wasu. Wani yana tsoron ƙara, wani yana kare sunan asibitinsa, wani kuma bai ma gane abin da yake gani ba. Rauni a tiyata yana iya zama ƙaddara, amma riƙe mace wata uku ana juya ta alhali ƙodarta tana lalacewa, wannan zaɓi ne, kuma shi ya fi cancantar hukunci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani da haɗarin kowace. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya jaddada haka. Hukumar da ke ba likitoci lasisi, MDCN, tana karɓar ƙorafi a rubuce.

Iyali ma suna da rawar takawa tun kafin a shiga ɗakin aiki. Ba rashin kunya ba ne miji ko ɗa ya tambayi likita ko shi ƙwararren likitan mata ne, da ko akwai jini a ajiye, da inda za a tura su idan wani abu ya taso. Ranar sallama kuma a nemi takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi, an cire mahaifar duka ko an bar bakinta, an taɓa ma'ajiyar ƙwai ko ba a taɓa ba, an samu zubar jini mai yawa ko a'a. Likitan da zai yi gyara a Katsina ko Ningi zai fara da waɗannan tambayoyi, kuma mata da yawa suna isa gabansa ba su riƙe da komai sai katin asibiti da rasiɗin kuɗin aiki.